Keken dutse ko resin? Ƙanena ɗauki na dutse ka shigo layinmu

Ƙanena, tsakanin tsohon keken dutse na hom-yus, wato na hannu da aka kawo daga waje, da wancan resin, keken tsere mai siririyar taya, da ka ce an yi maka tayinsa, ni ba sai na yi istihara ba, ɗauki na dutse. Duka biyun na hau. Ɗaya har yanzu yana jingine a zaurenmu a Nima nan Accra, ɗayan kuwa ko sunansa aka ambata sai na ji ƙuguna ya amsa.

Nawa firem ɗinsa ƙarfe ne zalla, taya mai inci 26, giya 21, giyar keke fa nake nufi kar wani ya kai ƙarata wurin liman, uku a gaba bakwai a baya, kayan Shimano na Japan amma irin tsofaffin nan da ba sa jin wahala. Shekara tara kenan muna tare. Ina jin da can kore ne, yanzu dai launinsa launin ƙasar Madinarmu ta Accra ne in an yi ruwa. Yaran layinmu suna kiransa Busanga Volvo, ni kuma ina amsawa, don Volvo ai ba ƙaramar mota ba ce. Na sa masa kariya a baya inda darduma ke zama da ledar fiya wata, na sa madubin babur a hannun hagu, ga tocila da na ɗaure da tsohon tib, ga ƙararrawa da sai ta ga dama take kuka, ga 'yar rediyo saboda labarin ƙwallo. Uwargida ta ce saura tukunyar shayi kawai in buɗe shago a kai.

Shigar tawa ma in ka gani sai ka ce kasuwar Mamobi aka aike ni sayen gawayi. Rigar Black Stars ce tun ta 2010, wadda duk ranar da na sa ta sai hannun Suarez ya faɗo mini a rai na ƙara taka feda da haushi, sai wandon yadi da nake ɗaure ƙafar dama da roba don kar sarƙa ta cinye shi, ta riga ta ci uku. Da cale-wote nake fita da farko, sai da ɗaya ya tsinke mini a gangaren Ayi Mensah na koma kambas. Kuma ba ni kaɗai ba ne, mu wajen bakwai ne ranar Asabar bayan asuba. Akwai Alhajinmu mai Phoenix na Sin, baƙi wuluk, taya 28, birkin sanda, giya ɗaya tal kamar tauhidi, yana zuwa da jallabiya ya tattare ta ya cusa a wando, da an fara hawan dutse sai ya sauko ya kama turawa, in ka ce Alhaji an gaji ne sai ya ce a'a gari yake dubawa, wai daga nan ake ganin Accra da kyau. Akwai malamin makaranta mai keken Japan na kwando, kwandon ba ya rabuwa da burodi. Akwai wanda ya yi wata biyu yana sa hular kwano gaba a baya babu wanda ya gaya masa saboda nishaɗin da muke samu. Sai ɗan autanmu da ya sa Strava a waya, manhajar nan da ke rubuta gudun mai keke, ranar da ya gaji a Oyarifa ya ɗora keke a turoturo ya manta bai kashe ba, ranar nan gudun da wayarsa ta rubuta ko zakarun tseren keke na Faransa sai dai su sara masa, har yanzu bai goge ba.

Hanyarmu kullum ɗaya ce, mu bi ta wajen asibitin sojoji na 37 mu fita Tetteh Quarshie, Legon, Madina Zongo Junction, Adenta, Oyarifa, sai tsohon wurin karɓar kuɗin hanya na Ayi Mensah wanda gwamnati ta dakatar da karɓa a 2021, daga nan dutse ya fara sai Peduase, mai sauran numfashi ya ƙarasa Aburi. To a nan ne muke haɗuwa da manyan yara, 'yan East Legon da Cantonments, kaya matsattsu kamar da fenti aka shafa musu, tabarau mai kalar bakan gizo, kwalbar ruwa biyu, wasu har gashin ƙafa suke askewa, takalminsu kuma yana maƙalewa jikin feda ne. Fuuu za su wuce mu a jere ko sallama babu, ɗaya ya taɓa waiwayowa ya kalli rediyona ya girgiza kai.

Wata Asabar cikin hunturu, hazo ya rufe gari, ina hawa a giyar da ta fi kowacce laushi, ƙaramin faranti a gaba babba a baya, ƙafa na ta juyi keke na tafiyar hawainiya har masu tattaki suna wuce ni suna yi mini sannu. Kafin Peduase a wata kwana sai ga wannan mai girgiza kai a gefen hanya, yana jan kekensa yana tafiya ƙwas ƙwas kamar agwagwa a kan siminti, don takalmin nan nasu ba na tafiyar ƙasa ba ne. Tayarsa ta sace, ya sa sabon tib ya huda shi garin sawa, 'yar kwalbar iskar da suke yawo da ita ta ƙare, kuma ko da zai samu mai faci a kusa bakin famfonsa ba zai kama ba, saboda bawul ɗin resin siriri ne, Presta ake ce masa, namu kuwa irin na mota ne da kowane mai faci daga nan har Bawku yake da bakinsa. Na tsaya na kwance darduma, ƙarƙashinta akwai tsohon gwangwanin madara da nake zuba faci da sholisho da sifana da 'yar takardar gugar ƙarfe, famfona kuma mai baki biyu ne. Minti goma na gama masa, yana tsaye yana ta yes sa, tank yu sa. Ya zaro kuɗi na ce mayar, ka dai riƙa yi wa mutane sallama. Wallahi tun daga ranar duk inda ya hango rigar Black Stars sai ya ɗaga hannu ya ce salamalekum Alaji, abokansa ma sun koya, kuma ranar a wurin mai koko shi ya biya na mu bakwai har da ƙosai, Alhajin Phoenix ya ci na mutum biyu wai ladan duba gari.

Abin da nake so ka gane, keken dutse na taya 26 babu lungun da ba a san shi ba. Sarƙata ta taɓa tsinkewa a Adenta, wani yaro a gindin bishiya da guduma da ƙusa ya haɗa ta, kuɗin da na ba shi bai kai na wace da ƙwai ba. Taya, tib, wayar birki, robar birki, sifok, duk rataye suke a shagunan unguwa. Faɗin tayar ya kai inci biyu, iska kamar 40 a ma'aunin famfo ta ishe ta, ka faɗa rami ta shanye, ka hau tudun rage gudu ta shanye, ka sauka daga kwalta don turoturo ya matso ka, jar ƙasa ce ko tsakuwa ba ruwanta. Firem ɗin ƙarfe in ya tsage mai walda zai ɗinke maka. Aibinsa biyu kuma ba zan ɓoye ba, nauyi da tsatsa. Na taɓa ɗora nawa a sikelin masu sayen tsohon ƙarfe ya ba ni kilo 16 ba tare da rediyo ba, alhali kekunan manyan gasa doka ta ce kar su gaza kilo 6.8, ka ga har sai da aka yi musu iyaka saboda rashin nauyi. Amma ƙanena tsakani da Allah, ni da kai kilo taran nan a jikin keke yake ko a tumbi? Rage malmala ɗaya ta tuwon zafi da dare ya fi sauƙi a kan biyan kuɗin ragon layya uku don keke ya yi sauƙin ɗauka. Biniam Girmay ɗan Eritiriya da ya ci koriyar riga ta mai yawan maki a tseren keke na Tour de France a 2024, shi ne ke da hujjar lissafa giram, mu lissafin numfashi muke yi. Tsatsa kuwa in kana wajen Chorkor ko Jamestown inda iskar teku ke bugawa, ka riƙa shigar da shi ɗaki kana gogewa, ka sa wa sarƙa man keken ɗinki. Ban da manja. Malamin kwando ya gwada, tururuwa sun yi walima.

Resin kuwa, to, yana gudu in kwalta ta yi kyau, wannan kam ba zan ci amanarsa ba. Wata huɗu ya yi a hannuna, taya mai milimita 23 da sai an ɗura mata iska wajen 100, faci biyar, wuya ya sanƙare saboda sunkuyo, sannan na faɗi a danja gaban masu tallan fiya wata don ƙafata ta ƙi fita daga feda, na sayar da shi da asara ban waiwaya ba.

Matsattsen wandon nan nasu dai in faɗi gaskiya yana da amfani, akwai soso a ciki da ke rage azabar sirdi. Amma ta ina za ka ratsa Nima da shi da sassafe, mutane na fitowa daga masallaci, ga surukai ga almajiran malam? In ka saya sa shi a ciki ka ɗora wandon mutunci a kai, ni ma haka nake yi, yau dai na tona wa kaina asiri.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hankali da masu sayarwa, musamman masu cewa jiya jiya aka sauke shi daga kwantena a Tema. Kowane keke a garin nan jiya aka sauke shi. Za su ɗauko firem ɗin banza su fesa fenti su manna sitika ta Trek ko Giant, har ka ga an rubuta sunan da kuskuren harafi. Sabon fenti a kan tsohon keke abin tuhuma ne, tsaga ake rufewa, ka shafa hannu a duk mahaɗar walda da ƙarƙashin wuyan keken. Tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, in an ce maka alminiyom ne ka manna, in ya kama to ƙarfe ne ana so a caje ka kuɗin alminiyom. Wanda aka ce kabon ne kuwa, irin firem ɗin nan marar nauyi da ba na ƙarfe ba, in na hannu ne, ni ko kyauta sai na yi tunani, don tsagarsa tana ɓuya a ciki kuma mai walda ba abin da zai iya yi maka. Kifa keken ka duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa, nan lambar firem take, in ka ga an goge ta ko an kankare ajiye ka kama gabanka, na sata ne, wata rana kana hawan dutse mai shi zai tare ka. Juya kowace taya ka ga ko tana rawa, hau ka sa giya ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, kar ka yarda da "ƙaramin saiti ne kawai". Kuma irin masu ƙaton sifirin a tsakiya masu arha ɗin nan da ke ɗaukar ido, bar su, nauyi ne kawai da lilo, rabin ƙarfinka a sifirin zai ƙare. Na intanet da zai ce turo rabi ta momo a kawo maka har gida, ni an taɓa yi mini, har yau ɗan aiken yana hanya, shekara shida kenan, wataƙila gosulo ne.

Sai abu ɗaya da ba kowa ke lura ba. Kekunan da suka fito daga Japan da Ingila birkin gaba a hannun dama yake, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai a hagu. Matsa kowanne ka ga wace taya yake kamawa kafin ka hau, don gangaren Peduase ba wurin koyon wannan darasi ba ne, mai hula gaba a baya shaida ne, a can ya bar rabin haƙori.

Saboda haka je ka ɗauki na dutse, taya 26, marar sifirin ko mai na gaba kaɗai, wanda in ka tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa akwai 'yar tazara tsakaninka da sandar sama. Canjin da ya rage ka sayi hular kwano ta gaske ta keke, da jar fitila ta baya tunda da duhu muke fita kuma direban turoturo in ya hango fasinja ba ya ganin kowa, sai famfo da faci da kwaɗo mai kauri. In tayar mai manyan ƙuraje ce ta daji, in ta cinye ka sa mai santsi-santsi, za ka ji kamar an rage maka shekara biyar.

Asabar ƙarfe shida saura muna tsayawa a Madina Zongo Junction mu jira Alhaji, ba za ka ɓace mu ba, nemi inda rediyo ke magana. Sabon shiga shi ke biyan koko, kuma ka taho da robar ɗaure wando taka, tawa ba na ba da aro.