Babbar bas ta Legas zuwa Accra: ta dace da tsohon da zai je ganin dangi a Zango?

A karkarar Kano da Jigawa, daga Ɗambatta da Gabasawa zuwa Ringim da Taura, akwai gidajen da reshensu ɗaya yake Ghana. Wasu jikokin fataken goro ne da suka bi hanyar Gwanja, suka sauka Salaga, daga baya suka gangara Kumasi da Accra, wadda tsofaffi har yau ke kira Ankara, suka zauna a unguwannin Hausawa da ake kira Zango. Waya ta sake ɗinke zumuncin, ana ganin juna a WhatsApp, sai biki ko rasuwa ta taso a ce lallai Baba ko Inna su je. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfin yawancin manoma, don haka hankali kan koma kan manyan motocin da ke tashi daga Legas kai tsaye zuwa Accra, irin na ABC Transport da GUO da Chisco.

Hukuncina shi ne, ga dattijo ko mace mai goyo, wannan motar ta cancanci ƙarin kuɗinta a kan ƙananan motocin da ake canzawa a kowace iyaka. Amma ba ta ɗauke wa mutum komai ba, kuma inda ta gaza nan ne mutanenmu suka fi shan wuya.

Tsakanin Legas da Accra kilomita 460 ne ko kusa da haka, bai kai rabin Kano zuwa Legas ba. Abin da ke cinye yini guda cur shi ne iyakoki uku: Seme da Krake tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao a bakin birnin Lome inda ake shiga Ghana. Kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita da na shiga. Wanda ya bi ƙananan motoci zai sauke kayansa sau uku, ya yi ciniki da 'yan dako da 'yan canji, ya tsaya gaban jami'an da ke magana da Faransanci. A babbar bas kuwa ma'aikacin kamfani ne ke tattara takardun fasinjoji ya bi musu layi, kayan kuma suna ƙarƙashin mota sai in kwastan sun ce a buɗe. Akan sauko da fasinjoji a wasu wuraren don a ga fuska ko a duba kati, amma babu mai raba ka da motarka. Wannan shi ne ainihin abin da ake saya da kuɗin tikitin.

Takardu su ne farkon inda tafiya ke lalacewa, tun ba a bar gida ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar zama har kwana 90 a Benin da Togo da Ghana ba tare da biza ba, amma sai da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, wadda hukumar shige da fice ke bayarwa kuma ta fi fasfo araha. Katin zaɓe ba takardar tafiya ba ne. Daga Satumbar 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000. Dole bayanan mai nema su yi daidai da na lambarsa ta NIN, kuma a nan tsofaffin ƙauye ke maƙalewa: ranar da aka yi rajista an ƙiyasta musu shekaru, ko an rubuta Mamman a wata takarda, Muhammadu a wata. Gyaran yana cin makonni. A duba wannan wata biyu kafin biki, ba mako biyu ba. A kuma faɗa wa mai sayar da tikiti in fasfon sabo ne da ba a taɓa buga masa hatimi ba, domin kamfanoni kan bambanta farashi bisa irin takardar da fasinja ke riƙe da ita, gara a ji kuɗin a tasha da a ji shi a Seme.

Sai katin rigakafin shawara, wanda ake nema a iyakokin nan. Ana biyan kuɗinsa ta intanet, a karɓa a ofishin lafiya na mashigar ƙasa, kamar wanda ke filin jirgin Malam Aminu Kano. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana goma, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Wanda ya haura shekara 60, da mai juna biyu, da jaririn da bai kai wata tara ba, sai likita ya duba su kafin a yi. Kada a sayi katin da babu allura a bayansa. Sauron da ke ɗauke da cutar ba ya karanta takarda. Idan za a tafi da yaro ba tare da iyayensa ba, a riƙe takardar haihuwarsa da rubutaccen izinin mahaifinsa, saboda jami'an yaƙi da safarar mutane na tsananta tambaya a kan yara, musamman 'yan mata.

Babban aibin tsarin ga mutumin Arewa shi ne lokacin tashi. Motocin Accra da asuba suke barin Legas. Motar Kano kuwa da ta kwana a hanya sai rana ta fito take shiga gari, an riga an tafi. Ke nan kwana ɗaya a Legas wajibi ne, kuma tikitin bai ƙunshi masauki ba. A shirya da ɗan'uwa a Agege ko Idi Araba, a kuma tabbatar daga wace tashar kamfanin motar za ta tashi, don suna da fiye da ɗaya. Daga ƙauye zuwa Kumasi a lissafa kwana uku zuwa huɗu.

Aibi na biyu salla. Direba ba ya tsara tsayawarsa da lokutan salla, inda ake samun sarari shi ne iyaka, lokacin da ake jiran hatimi. A yi alwala kafin a hau, a riƙe ƙaramar buta da ruwa da darduma a jakar hannu, kada a tura su ƙarƙashin mota. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, a tambayi malamin gari yadda ake haɗa Azahar da La'asar kafin a tashi. A sanar da kwandasta kafin a tayar da kabbara. Sanyin na'urar cikin mota ma yana kama ƙashin tsoho, a ɗauki bargo mara nauyi, a nemi kujera kusa da ƙofa, a miƙe ƙafa duk inda aka tsaya saboda kumburi.

A wannan gurbin da kamfani ya bari ne ake ganin halin abokan tafiya. Motar kan cika da 'yan kasuwa mata Yarabawa da Inyamurai, da ɗalibai, da mutanen Togo da Ghana masu komawa gida. Yare ba ɗaya ba, addini ba ɗaya ba, amma girmama furfura ɗaya ne a wurin Bayarabe da Ewe da Ashanti kamar yadda yake a wurin Bahaushe. Tsohuwar da ba ta jin Turanci ba ta rasa mai cike mata takarda, ko mai ce wa direba ya dakata Baba bai idar ba. Layin wayar Najeriya kan ɗauke bayan Seme in ba a buɗe masa yawon ƙetare ba, kuma galibi wayar maƙwabcin kujera ce ake ara a kira dangi. Shi ya sa ya kamata a rubuta lambarsu a takarda da manyan baƙaƙe, a fara da +233 a cire sifirin farko. A koya wa tsoho kalmar godiya ko biyu: "akpe" a wurin Ewe, "medaase" a wurin Ashanti. Wannan kirkin dai bai zama dalilin karɓar saƙon wanda ba a sani ba. Duk ƙunshin da aka samu a jakarka naka ne a idon jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi.

Kuɗi iri uku ake taɓawa: naira, sefa irin ta Nijar wadda ke aiki a Benin da Togo, sai sidi, kuɗin Ghana. Sefa kaɗan ta isa, ta ruwa da burodi da banɗaki. Babban canjin a bari sai an isa hannun dangi. Ghana ta cire sifiri huɗu daga kuɗinta a 2007, amma wasu 'yan kasuwa har yanzu da tsohon lissafi suke kiran farashi, in sun ce miliyan ɗaya sidi 100 suke nufi. Daga Togo kuma agogo kan koma baya da awa ɗaya, abin da ke rikita masu zuwa tarba.

Tsaraba a zaɓi busasshiya: kuka, kuɓewa, daddawa, turaren wuta, huluna, shadda. Man shanu yana narkewa a ɗakin kayan mota ya ɓata tufafi, in dole ne a zuba shi a roba mai murfin murɗawa a naɗe da leda biyu. Maganin hawan jini ko na suga ya zauna cikin kwalinsa tare da takardar asibiti. Buhunan nan masu zane da ake cusa kaya a ciki, "Ghana Must Go", sun samo sunansu ne daga 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, akasarinsu 'yan Ghana, bayan gwamnatin Busia ta Ghana ta yi wa namu irin haka a 1969. Zik ɗinsu ba ya jure jifa, a ɗaure su da igiya a rubuta suna.

Motar kan shiga Accra da dare. Kumasi na gaba da kusan kilomita 250, kuma akwai motocin kamfanin VIP da ke tashi daga tashar Circle a Accra, amma kada a ɗora wa dattijo wannan a daren. A kwana a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, inda Hausa ke tashi a kowane lungu, da safe a sha koko da ƙosai, a ci waakye, wato shinkafa da wake da sunanta ya fito daga bakinmu.

A gaya wa Inna tun a gida cewa Hausar Zango ba ta rarrabe namiji da mace, jikanta zai iya cewa "ya zo" alhali ita yake nufi, ba raini ba ne. In maƙwabta Ashanti sun gayyace ta, za ta ga abin da ta sani: sai an ba baƙo wurin zama da ruwa kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, kuma miƙa abu da hagu abin kunya ne. Za ta ga wanda ba ta sani ba, kamar zaman makokinsu na ranar Asabar da jajaye da baƙaƙen kaya da kiɗa. Musulmi da Kirista a gida ɗaya na haya ba abin mamaki ba ne a can. Babban Limamin Ghana, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Accra a 2019, shekarar da ya cika ɗari. A wurin sayen nama a titi dai a tambaya, domin ana gasa alade a wasu unguwanni, ko a tsaya ga masu tsiren Zango.

Kafin a bar Aflao, mai rakiya ya buɗe fasfon ya karanta adadin kwanakin da jami'i ya rubuta a jikin hatimin. Dangi za su riƙe tsoho su ce sai bayan suna, sai bayan Salla, kuma wanda ya zarce wa'adinsa tara zai biya a ranar komawa.