Google Earth Pro wajen haɗa taswirar fagen daga: ina yake aiki, ina yake gazawa

Ga mai jagorantar wasa a Roll20 ko Foundry VTT, manhajojin buga wasannin allo ta intanet, da ke son 'yan wasa su fafata a kan ƙauye, gada ko tashar jirgi ta gaske, Google Earth Pro na kwamfuta shi ne wurin farawa. Kyauta ne tun 2015, yana da ma'aunin tazara, kuma yana fitar da hoto mai faɗin fiksel 4800. Sai dai amfaninsa ya rataya ne a kan girman gida, wato kowane ɗan fili da aka raba allon wasan zuwa gare shi, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe.

Hoton tauraron ɗan'adam mai kyau, kowane fiksel ɗinsa kusan santimita 30 ne a ƙasa. Gida ɗaya a wasan Dungeons & Dragons ƙafa 5 ne, wato mita 1.5 da 'yan kai, fiksel biyar ke nan kacal. Roll20 kuwa fiksel 70 yake ba kowane gida, Foundry 100. Dole a buɗa hoton har ninki goma sha huɗu a Roll20, abin da zai fito dishi-dishi ne, ba a bambance mota da rumfa. Amma a wasa irin Twilight: 2000, inda gida yake mita 10, ana samun fiksel 33, a biranen da aka ɗauka da jirgin sama a santimita 15 kuma har 66. A wannan sikeli taswirar tana fitowa tas.

Kafin ɗaukar hoto, a danna harafin R domin kallo ya koma daga sama tsaye, arewa kuma ta koma sama. A cire alamar Terrain da 3D Buildings, a kuma hana manhajar karkata kallo da kanta yayin matsowa. In an bar karkata ko kaɗan, mita 10 a saman hoton ba za ta yi daidai da mita 10 a ƙasansa ba, kuma rage girma ko ƙarawa ba zai gyara wannan ba.

Sai a ja layin mita 100 da ma'aunin, a adana shi, a fitar da hoto biyu ba tare da an motsa taswirar ba: ɗaya da layin, ɗaya babu. A manhajar gyaran hoto ta GIMP a auna layin. A ce ya ba da fiksel 850, alhali mita 100 gida goma ne masu mita 10-10, wato fiksel 700 a Roll20. A raba 700 da 850, a rage hoton marar layi zuwa kashi 82.4 cikin ɗari. Filin mita 400 zai zama gida 40, fiksel 2800. A adana shi a JPEG ko WebP, don PNG mai wannan girma kan yi nauyi ga masu raunin intanet.

Akwai aibin da lissafi ba ya magancewa. Tauraron ba kasafai yake ɗauka daga tsaye cak ba, shi ya sa dogayen gine-gine ke jingina gefe guda suna rufe lungu. Inuwa da ganyen bishiyoyi suna ɓoye hanya, wani wurin kuma a tarar da hotunan lokuta biyu an haɗe su, rabi kore rabi busasshe. Maɓallin tsofaffin hotuna yana taimakawa ƙwarai: a koma baya a zaɓi shekarar da inuwa ta fi gajarta. Cikin ɗaki kuwa babu shi sam, sai an zana da hannu.

Sunan Google da na masu hoton dole ya zauna a jikin taswirar, kada a yanke shi, kuma ba hoton sayarwa ba ne. Mai niyyar sayar da taswira ya nemi hotunan NAIP, wato hotunan sama na gwamnatin Amurka, waɗanda kowa ke da damar amfani da su, ko da yake ƙasar Amurka kaɗai suka ɗauka.