Hattara da masu cewa za su mayar maka da tsohuwar Hilux fo-wil cikin kwana uku

Jama'a, musamman manoma da masu jigilar kaya zuwa kasuwannin ƙauye, ku ji abin da ya sami yayana a daminar da ta wuce. Ba zan kama sunan mutumin ko garejinsa ba, maganar tana hannun manya, amma ya kamata kowa ya san salonsa.

Yaya yana da tsohuwar a-kori-kura Hilux mai injin 22R, wadda tayoyin baya kaɗai ke janta. Duk shekara da ruwa ya sauka sai ta kafe a hanyar gona. Ya ga talla a Facebook, har da bidiyon mota tana keta laka, wai a kawo kowace irin Hilux a mayar da ita fo-wil, wato mai ja da tayoyi huɗu, da kayan Beljiyam. Ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, ya cika ranar karɓa. Mota ta fito ta ƙara tsayi, ga sitikar 4x4 a gefe, ga sabuwar liba kusa da giya.

Ranar da ya ɗauko taki ta nutse a fadama. Ya ja libar nan gaba, ya ja ta baya, tayoyin gaba ko motsi. Da aka jawo ta gari, wani dattijon bakanike ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi da tocila. Bai jima ba ya ce, "Alhaji, sunkuyo ka gani da idonka." Libar an yi mata walda ne a jikin wani guntun ƙarfe, ba ta haɗe da komai. Abin da ya fi ƙona min rai, lafiyayyen giyabos ɗin Yaya sun cire, sun sa masa wani mai kuka.

Aikin nan yana yiwuwa, amma ba na kwana uku ba ne, kuma ba ya araha. Sai an samo giyabos na fo-wil tare da akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, wanda direbobi ke kira ogzilari. Sai aksil ɗin gaba mai nasa difarenshal (haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayar hagu da ta dama), da furofelar gaba (sandar da ke kai ƙarfi zuwa aksil), a kuma sauya ta baya domin tsawonta ba zai ƙara yin daidai ba. Uwa uba shasi: na tsohuwar Hilux mai jan baya ba shi da mazaunin waɗannan kaya, sai an yanka an yi walda a wurin da sitiyari da birki suka dogara da shi. Wannan maganar rai ce. Shi ya sa bakanike mai tsoron Allah yakan ce ka sayar da taka ka nemi wadda ta fito fo-wil daga kamfani.

Akwai kuma masu sa kayan da gaske, amma tsintacce. In lissafin haƙoran difarenshal ɗin baya 4.10 ne aka haɗa shi da na gaba 4.56, tayoyin gaba da na baya ba za su yi gudu ɗaya ba. A yashi ba za ka lura ba; kana hawa busasshiyar ƙasa mota za ta riƙa ɗaurewa har wani haƙori ya karye.

Kafin ka biya ko sisi, je da naka bakaniken. A ɗaga ƙafafu huɗun duka, a kulle hob ɗin gaba (makullin da ke tsakiyar kowace tayar gaba), a sa ogzilari, a ga huɗun suna juyawa. Ka leƙa ka ga furofela biyu. Ka ƙirga noti: tsohuwar Hilux mai jan baya biyar take da shi a kowace taya, fo-wil shida, ko da yake a cikin sababbi akwai masu shida da ba fo-wil ba ne. Ka sa wa giyabos ɗinka alama da fenti kafin ka bar mota a wurin kowa.

Mutumin ya rufe lambarsa, amma a satin nan na sake ganin bidiyon nan na laka a wani sabon shafi da wani suna daban. Don Allah ku tura wa 'yan uwa masu irin wannan mota.