GARGAƊI: Duk mai neman mota fulogi shida a Abuja ya karanta wannan kafin ya tura ko sisi

Assalamu alaikum jama'a. Wallahi na daɗe ina juya abun nan a raina, in rubuta ko in yi shiru, amma jiya da dare na ga mutumin da ya damfare ni a cinikin mota ya sake buɗe wani shafi da sabon suna yana tallar wata motar, sai na ce a'a, in na yi shiru aka kuma cutar wani to da hannuna a ciki. Ba zan kama sunansa ba saboda maganar tana hannun 'yan sanda, kuma ma sunan da ya ba ni daban, na asusun da na tura wa kuɗi daban, wanda yaran wajen wankin mota suke kiransa da shi daban. Yanda yake aikinsa zan faɗa muku, shi ne zai amfane ku.

Ni dai tun ina yaro burina BMW mai ƙofa biyu, kuma fulogi shida nake so, ba don komai ba sai don laushin injin da wannan kukan nasa, duk wanda ya taɓa tuƙa ta ya san abun da nake nufi. Shekara kusan uku ina tari, na sayar da Corolla ta na haɗa. Ana nan sai na ga talla a Instagram, BMW 435i ta 2015, baƙa wuluk, kujerun fata ja, an rubuta fulogi shida, turbo biyu, ba ta taɓa hatsari ba, duti cikakke. Kuɗin ya yi ƙasa da na kasuwa amma ba ƙasan da zai sa ka tsorata ba, kuma nan ne wayonsa yake. Na kira shi, murya a natse, Hausa tsaf, kowace magana da insha Allah. Ya ce motar wani maigidansa ce da aka yi wa canjin aiki zuwa waje, sauri yake a rabu da ita. Na ce ya turo min lambar chasis, ko minti biyu ba a yi ba ya turo ta WhatsApp. Na sa a intanet na duba, ta fito 435i tsaf, tarihinta fes. Daga nan hankalina ya kwanta, ashe lambar wata motar ce daban ya turo min.

Ya ce mu haɗu a wani wajen wankin mota a Gwarinpa, wai garejinsu ana gyara. Na ce da safe, ya ce ba hali sai bayan la'asar, na je bai iso ba sai gab da magariba, ya zo da ita a tuƙe, injin da zafinsa, aka kuma shiga wanke ta nan take. A bayanta an liƙa 435i, salansa ɗaya dama ɗaya hagu kamar yanda ta gaskiyar take, ya taka mata wuta ta yi wani irin gurnani har yaran wajen suka juyo. Ya buɗe bonet da kansa ya nuna min murfin injin inda aka rubuta TwinPower Turbo ya ce "Alhaji ka gani da idonka, turbo biyu ne, wannan ba ta yara ba ce." Na leƙa gindin gilashin gaba inda lambar chasis take, an ajiye wata takardar shiga unguwa ta rufe wajen, ban kawo komai a raina ba. Na ce zan zo da bakanikena gobe, sai wayarsa ta yi ƙara, ya koma gefe yana cewa "wallahi ranka ya daɗe akwai mutum a kanta yanzu haka, in bai biya ba zan kira ka." Ya dawo ya ce wani ne daga Kano zai turo kuɗi da daddare. A nan tsaye na tura miliyan biyu kafin alƙalami, washegari na cika sauran a bakin banki a Wuse, ya miƙo min makulli da takardu a cikin ambulan.

Sati biyu ina yawo da ita cikin gari ban ga komai ba sai ɗan kaca-kaca da take yi da asuba in na tayar da ita, daƙiƙa kaɗan ya ɗauke. Na kira shi ya ce ai haka BMW take. Sai bikin ƙanwar matata ya taso a Jos, muka kama hanya ta Keffi da Akwanga, ni da ita da yaro a baya. Muna fara Hawan Kibo na taka don in wuce wata tirela, kawai sai saƙo ya fito a allo, mota ta saki jiki kamar an riƙe ta ta baya, na duba madubi hayaƙi shuɗi ya turnuƙe. Duk wanda ya san wajen nan ya san ba inda mutum zai so ya tsaya da iyali ba ne, kwana ga rami ga manyan motoci suna gangarowa. Allah ne Ya tsare na samu na raɓa gefe. Sai da aka jawo mu har Farin Gada.

Bakaniken da aka kai ni wajensa dattijo ne, motocin Jamus kawai yake yi. Na ce masa baba fulogi shida ce a bi ta a hankali. Bai ce min komai ba, ya ɗaga bonet ya tsaya yana kallo, ya sa hannu ya ɓalle murfin robar nan ya ajiye a ƙasa, ya nuna da yatsa yana ƙirga koyil (kowane fulogi da nasa, shi ke ba shi wuta), ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya ɗago ya ce "ɗana wa ya ce maka shida ce?" Wallahi sai da na nemi benci na zauna. Ya kama hannuna ya nuna min filin da ke tsakanin lagireto da gaban injin, ya ce mai shida doguwa ce, tana cike wajen nan, wannan 428i ce, injin N20 lita 2.0, ba N55 lita 3.0 ba. Salansar ma ya kwanta ya haska min da tocila, ga walda nan ɗanya, domin ita 428i bakin salansarta biyu a haɗe suke gefe ɗaya, sun yanke sun raba su sun cire tukunyar da ke rage ƙara shi ya sa take gurnani. Tambarin baya kuwa ya ce ko a kasuwar kayan gyara za ka saya ka liƙa da gam.

Rubutun TwinPower Turbo ɗin nan da ya ruɗe ni, ku sani yana kan mai huɗu yana kan mai shida, kuma ba turbo biyu yake nufi ba, turbo ɗaya ne mai hanyar hayaƙi biyu a cikinsa. Wanda ke da turbo biyu na gaske shi ne tsohon N54 na 335i ta wajen 2007 zuwa 2010. Don haka duk dillalin da ya nuna maka murfi ya ce ga shaida, bai nuna maka komai ba.

Da aka kwance bututun iska sai ga baƙin mai kwance a ciki, baba ya sa yatsa ya girgiza farfelar turbo tana wasa, ya ce ta daɗe da mutuwa, sun zuba mai mai kauri ne su danne hayaƙin, sun goge lambobin matsala da kwamfuta kafin su kawo min. Kaca-kacan asuba kuma sarƙar tayimin ce, wadda duk masu gyaran BMW sun san N20 na farko-farko da ciwon robar da ke riƙe ta, shi ya sa bai taɓa yarda in ga motar da safe injin a sanyaye ba. Muka ɗauki lambar chasis ta jikin motar, ta ƙofar direba da ta gilashi, muka duba, sai ga hotunanta a wajen gwanjo a Amurka gabanta a murƙushe, kuma tafiyar da ta yi a lokacin ta ninka abun da ke kan allo yanzu. Takardar kwastan ɗin da ke cikin ambulan kuwa lambar waccan motar da ya turo min ce a kai, ke nan dutin ma ban san matsayinsa ba. Na kira layinsa a kashe, shafin ya ɓace, na koma wajen wankin motar suka ce su dai yana zuwa jefi-jefi da motoci kala-kala, ba su san gidansa ba.

Kar wani ya fahimce ni ba daidai ba, ba cewa nake mai fulogi huɗu da turbo banza ba ce. 428i mai lafiya doki 240 take bayarwa, 435i doki 300, kuma a go-sulon Nyanya ko Kubwa ba inda za ka yi amfani da ko rabin wannan. Mai huɗu ta fi sauƙin shan mai in ƙafarka ba ta da nauyi, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 ba ƙaramar magana ba ce, gabanta ya fi sauƙi a kwana, fulogi da koyil huɗu za ka saya ba shida ba. A wuri mai tudu irin Jos da ta haura mita 1,200 ma injin mai turbo ya fi riƙe ƙarfinsa a kan wanda ba shi da shi, saboda iskar sama ba ta da kauri shi kuma turbo tura ta yake da ƙarfi. Amma ƙaramin inji ne ake matsa wa ya yi aikin babba, zafi yake sha, ga zafin Abuja a watan Maris, don haka ba ya yafe sakaci, dole baƙin mai na sintetik mai kyau a kan lokaci, dole fetur mai tsabta, kuma in wanda ya riƙe ta kafin kai ya yi wasa da juyen mai to kai za ka biya. Mai shida a jere kuwa tsarinta ne ya sa ba ta karkarwa, kuma kukan nan ba a yin na jabunsa. Ko Porsche da suka mayar da Boxster da Cayman fulogi huɗu da turbo a 2016, masu saye sun yi ta ƙorafin kuka har suka dawo da mai shida a wasu samfuran daga baya. Kowa da abun da yake so. Da ya ce min 428i ce, ga matsalarta ga kuɗinta, wataƙila in saya in gyara da sanina. Abun da ya ƙona min rai shi ne na biya kuɗin shida aka ba ni huɗu, huɗun ma mara lafiya, har aka jefa min iyali cikin haɗari a kan dutse.

Kuma abun da ke ba irin su dama shi ne kamfanonin sun canza inji ba su canza suna ba, mu kuma da suna muke saye. 328i har zuwa 2011 fulogi shida ce, daga sabon jikin 2012 mai ƙofa huɗu ta koma huɗu da turbo. C300 ta Mercedes tsohon jiki V6 ce, daga 2015 huɗu ce da turbo, amma har gobe za ka ga an rubuta C300 2016 V6 a talla, ko a yi mata kwalliyar C43 a ɗora kuɗi. Sabon shafin mutumin nan da na gani jiya Mustang yake talla, wai 2019 V6. Babu wannan motar a duniya, Ford sun daina sa V6 a Mustang bayan 2017, daga 2018 sai EcoBoost lita 2.3 mai fulogi huɗu ko V8. A Mustang ta 2015 zuwa 2017 ma harafi na 8 a lambar chasis yana faɗa maka gaskiya, M na V6 ne, H na EcoBoost, F na V8 lita 5.0. Harafi na 10 kuma shekara ce, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019.

Don Allah duk wanda zai saya, lambar da aka turo maka a waya ba ita ba ce hujja, je ka karanta ta jikin motar da idonka, guda 17 ce, ta gilashi da ta ƙofa su zo ɗaya da ta takardar kwastan harafi da harafi, in an ɗora wani abu a kai ka ɗage shi. Ka ce da safe za ka zo kuma kar a tayar kafin ka iso, ka dafa bonet ka ji da sanyi. A cire murfi a ƙirga koyil a gabanka, na can baya suna ɓuya ƙarƙashin roba, a haska. Ka zo da bakanikenka da kwamfutarsa, ba wanda dillali ya kawo ba, masu wannan aikin suna nan birjik a Apo kuma abun da za su karɓa bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Kar ka tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da katin shaidar mai sayarwa, in ya ce na ƙaninsa ne ko na madam ka ce a kira su su zo. In kuma waya ta shigo wai wani daga Kano ko Kaduna zai biya yanzu, ka ce Allah Ya sanya alheri ka kama hanyarka.

Tawa dai tana Apo yanzu a kan jak, ana jiran turbo da kayan sarƙa, na kai rahoto da rasit ɗin transfa da duk hirarmu ta WhatsApp. Alamar mutumin ita ce ba shi da gareji, kullum wajen wankin mota ko gidan mai, kullum da yamma, kullum maigida zai bar ƙasa, kuma hotunan Mustang ɗin nan fara a gaban wani get shuɗi aka ɗauke su, get ɗin da aka ɗauki tawa. In akwai wanda ya riga ya ba shi kafin alƙalami, ko wanda irin haka ta same shi a Gwarinpa, Kubwa ko Lugbe, ya yi min magana ta inbos da rasit ɗinsa mu haɗa a kai wa mai binciken, ya ce min in muka yi yawa zai fi sauƙin bin asusun. Ku tura wa 'yan uwa, musamman samarin da ke neman motar yayi kafin sallah.