Fili ko Talabijin: Wanne Ya Fi wa Mai Jefa Ƙwallo?

Masu bin ƙwallon Amurka sun sha tambayata: mai jefa ƙwallo da shekaru suka ja, ya ci gaba da wasa ko ya koma sharhi? Mu dubi Tony Romo, tsohon mai jefa ƙwallo. A ƙungiyar Dallas Cowboys, ƙashin kafaɗarsa ya karye sau biyu a 2015, ƙashin bayansa ya biyo a 2016, abin tausayi. Ya koma sharhi a gidan talabijin na CBS a 2017, zuwa 2020 albashinsa ya kai wajen dala miliyan 17 a shekara, ba mai kayar da shi ƙasa kamar a fili. Sai dai kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, a fili ake ɗaga shi, kuma Romo bai samu ba. Mai lafiya da ke hango kofi, fili ya fi masa. Wanda jiki ya gaji kuma ya iya magana, sharhi ya dace da shi.