Sharhi a kan ƙunshin kayan haɗa fanel a gida, da gem ɗin da na ƙera da shi

Wata biyu ke nan da na sayi wani ƙunshi na kayan haɗa fanel, wato allon nan mai layukan jan ƙarfe da ake liƙa kayan cikin na'ura a kansa, a hannun wani mai sayar da kayan lantarki cikin Kasuwar Sabon Gari, kuma da yake yanzu na ƙarar da kusan duk abin da ke cikinsa, na ɓata allo ɗaya, na biyu kuma ya yi aiki, ina ganin na kai matsayin da zan yi magana a kansa. Abin da na saye shi dominsa shi ne ƙera na'urar wasan talabijin irin ta da, wato gem, wanda za a jona wa tsohuwar talabijin mai ƙaton baya da ke ajiye a ɗakin mahaifiyata, ba tare da na aika zane ƙasar Sin an buga mini fanel ɗin a masana'anta ba. Ba raina aikin masana'anta na yi ba, domin nasu ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba. Jiran makonni da neman hanyar biyan kuɗin waje a kan allon da ban tabbata zanensa daidai yake ba su ne suka hana ni.

A cikin ledar akwai alluna biyu masu santimita 10 da 15, kowanne an shafe fuskarsa ɗaya da jan ƙarfe, da ƙullin garin sinadarin da ke cin jan ƙarfen, wanda ake kira ferik kulorayid, da takardu masu sheƙi guda biyar, da alƙalamin maka baƙi, da ɗan mahujin hannu tare da allurai uku, sai wata 'yar takardar bayani da Turanci wadda ba ta cika shafi ɗaya ba. Mai shagon ya ce mini, "Malam, ɗaliban injiniya ne ke saye, kuma ba wanda ya taɓa dawo da shi." Wannan magana ba ta zama hujja ba, amma na karɓa.

Ya kamata in bayyana abin da fanel ɗin zai ɗauka, domin da shi ne za a auna ko kayan sun isa. Ƙwaƙwalwar na'urar ita ce ATmega328P mai ƙafa 28, irin wadda ke kan allon Arduino Uno, tana tafiya a kan megahaz 16, wato bugun agogo miliyan 16 a daƙiƙa, tana da kilobayit 32 na ajiye manhaja da kilobayit 2 kacal na aiki. Ban da ita babu wani aisi, wato ɗan ƙwayar lantarki mai ƙafafu da yawa irin ita ƙwaƙwalwar, na musamman mai fitar da hoto. Ƙafafu biyu na ƙwaƙwalwar ne ke yin aikin ta hanyar rizisto biyu, wato 'yan abubuwan da ke rage ƙarfin wuta, ɗaya mai om 1000 domin siginar da ke gaya wa talabijin inda layi ya fara, ɗaya mai om 470 domin farin hoton, sai a haɗe su a kai ramin nan mai ruwan ɗorawa da ke bayan talabijin. Talabijin ɗin Najeriya na bin tsarin PAL ne, mai layi 625, inda ake zana layi 15,625 a kowace daƙiƙa, kuma idan aka raba miliyan 16 da wannan adadi za a samu 1024 cif, wato bugun agogo 1024 ne ƙwaƙwalwar take da shi ta fitar da layi guda ta kuma saci ɗan lokaci ta yi lissafin wasan. Manhajar TVout da na yi amfani da ita tana ba da hoto fari da baƙi mai ɗigo 128 a kwance da 96 a tsaye, wanda shi kaɗai ya cinye bayit 1536 daga cikin 2048 da ke cikin kilobayit 2 ɗin nan na aiki, ya bar wa wasan abin da bai wuce 512 ba. Wanda ya ga wannan ya yi kaɗan sai ya tuna cewa gem ɗin Atari 2600 da ya fito a 1977 bayit 128 ne gaba ɗaya ma'ajiyarsa ta aiki, kuma Famicom na Nintendo, wanda ya fito a Japan a 1983, wanda kwaikwayonsa ne muka riƙa layi a kansa muna yara a gidajen gem na unguwa, kilobayit 2 ne ma'ajiyarsa ta aiki, sai dai shi yana da aisin hoto daban.

Duk kayan masu dogayen ƙafafu ne da ake zurawa a rami, tazarar ƙafafun aisin kuma milimita 2.54 ce, saboda haka aikin bai fi ƙarfin fanel mai fuska ɗaya ba. Na zana shi da manhajar KiCad, wadda kyauta ce, na faɗaɗa layukan zuwa kusan milimita ɗaya, inda hanya ta toshe kuma na bar wurin tsallakawa da waya.

Dabarar mayar da zanen kan allo ta dogara ne da cewa baƙar hodar firinta mai leza garin roba ce da zafi ke narkarwa, saboda haka idan aka buga zanen a takarda mai sheƙi, aka kifa ta a kan jan ƙarfe, aka danne da dutsen guga, hodar za ta bar takardar ta manne wa ƙarfen, ta zama garkuwar da sinadarin ba ya iya ci. Firinta mai tawadar ruwa ba ta yin wannan aiki ko kaɗan, abin da takardar bayanin ba ta ambata ba. Sai da na zaga shagunan buga takardu uku kafin na samu wanda ya yarda ya sa takardata a injinsa, domin suna tsoron kada ta maƙale, shi ma sai da na roƙe shi ya kashe tsarin tsimin hoda ya buga da baƙi sosai. Takardun ƙunshin dai sun yi kyau, domin bayan jiƙo na minti 10 a ruwa suna saɓulewa da ɗan murzawar yatsa, ba sa barin gashin takarda tsakanin layuka.

Babban laifin ƙunshin yana cikin jimla ɗaya ta takardar bayaninsa, wadda ta ce a juya zane kamar a madubi kafin a buga, ba tare da ta bambanta komai ba. Wannan umarni daidai ne ga layukan da za su zauna a saman allo, amma ga fanel irin nawa, wanda kayan ke sama jan ƙarfen kuma yana ƙasa, kuskure ne, domin manhajar tana nuna layukan ƙasa kamar ana hango su ta cikin allon daga sama, kifa takardar da ake yi a kan ƙarfen kuwa shi kansa juyawa ce, idan aka ƙara wata sai abu ya koma baibai. Na bi takardar, na yi guga, na zuba a sinadari, na huda ramuka fiye da hamsin, sai da na zo zura mazaunin aisin na ga ƙafar wuta ta faɗa inda ba nata ba. Wani dattijo mai gyaran rediyo da nake zama a shagonsa tun ina makarantar sakandare ya juya allon sau biyu ya ce, "Ɗana, ai ka rubuta sunanka a cikin zanen. In ka ga ya karantu daidai a takarda, to kada ka kunna dutsen guga." Na ce, "Baba, da na zo wurinka tun farko da ban yi asarar allo ba." A allo na biyu haka na yi, rubutun ya fito a juye a takarda, ya miƙe a kan ƙarfe.

Guga ma tana da nata sha'ani. A karon farko an ɗauke wuta ina tsakiyar aiki, na ari dutsen gawayi wurin mai wanki da guga na layinmu, kuma da yake ba shi da abin daidaita zafi, hodar ta narke fiye da kima ta baje, har wasu layuka biyu da ke wucewa kusa da juna suka haɗe. A karo na biyu na jira wuta, na goge ƙarfen da soson ƙarfe har ya yi ƙyalli, ban sake taɓa fuskarsa da yatsa ba saboda maiƙo, na sa dutsen lantarki a zafin gugar auduga ba tare da tururi ba, na danna kamar minti 5 ina bin gefuna da bakin dutsen. Wurare uku ne kawai hodar ta ƙi kamawa, kuma a nan ne alƙalamin ƙunshin ya ba ni kunya, domin tawadarsa ta wanke a cikin sinadarin, layin da na cike da shi ya fito da ƙananan ramuka kamar gara ta ci, sai da na bi shi da dalma daga baya.

Sinadarin kuwa ba ni da abin cewa a kansa sai yabo, duk da cewa an sayar da shi ba tare da gargaɗi ko ɗaya ba, wanda a ganina sakaci ne. Garin yana ɗaukar zafi idan ya haɗu da ruwa, saboda haka shi ake barbaɗawa a cikin ruwan kaɗan-kaɗan, kuma a roba ko gilashi ake haɗa shi, domin yana cin kwanon alminiyam da na ƙarfe kamar yadda yake cin jan ƙarfe. Abin da ke faruwa shi ne, sinadarin yana mayar da jan ƙarfen da ba a rufe ba gishiri mai narkewa a ruwa, kuma da yake kaurin shafen bai wuce kimanin maikiromita 35 ba, ba ya ɗaukar lokaci idan ruwan yana da ɗumi ana kuma jijjiga shi. A nan zafin Kano ya yi mini rana. Littattafai suna cewa a ɗumama ruwan zuwa wajen digiri 40, ni kuwa ajiye robar kawai na yi a tsakar gida da azahar a watan Afrilu, ina karkata ta dama da hagu, cikin minti 20 ƙarfen ya fara ɓacewa daga gefuna yana tahowa tsakiya, har allon ya koma ana ganin haske ta cikinsa. Dole a tsaya a kansa a cire shi da zarar ya gama, in ba haka ba sinadarin zai shiga cin layukan ta ƙarƙashin hodar. Ban sa safar hannu ba a karon farko, na yi kwana huɗu da yatsu kamar na wanda ya sha lalle, farar rigata kuwa har yau tabon yana nan, haka ma simintin tsakar gidan.

Mahujin hannun da allurarsa su ne mafi rauni a cikin kayan. Allura mai milimita 0.8, wadda ita ce ta ƙafafun aisi da rizisto, ta karye a rami na goma sha wani abu, kuma guda ɗaya ce irinta. Allon irin mai zaren gilashi ne, wanda ke dakushe allura da wuri, saboda haka ba a yi adalci ba da aka haɗa shi da allura ɗaya mai arha. Na koma kasuwa na sayi guda biyar, na kuma ɗaura su a kan wata 'yar mota ta tsohon rikoda, aikin da zai ci yini ya ƙare cikin awa ɗaya.

Bayan na wanke hodar da ruwan goge farce, na bi kowane layi da mita domin in tabbatar babu yankewa babu kuma haɗewa, sannan na liƙa kayan: mazaunin aisi, kiristal mai megahaz 16 da kafasito biyu masu fikofarad 22, rizisto mai om 10,000 a ƙafar sake kunnawa, da 7805 mai saukar da wuta zuwa bolt 5. Jan ƙarfen allon ya karɓi dalma da kyau, kuma ko da na cire wani kafasito sau biyu, zoben ramin bai ɗago ba, wanda alama ce ta allo mai inganci. Hannun wasa ban ƙera ba. Wani tsohon hannun gem na samu wurin 'yan gwangwan, kuma irin waɗannan suna aika maɓallansu takwas ɗaya bayan ɗaya ta waya guda, da wasu wayoyi biyu na ba da umarni da biyu na wuta, saboda haka ƙafafu uku kawai ya ci a jikin aisin.

Da na kunna, hoton ya fito yana gudu sama ba tsayawa, har na fara zargin fanel ɗin, ashe na bar manhajar a kan tsarin NTSC na Amurka ne, wanda tsohuwar talabijin ɗin ba ta ganewa. Kalma ɗaya na canza ya tsaya cak. Akwai kuma 'yar rawa da layukan tsaye ke yi, wadda ta ɓace bayan na matso da kafasito mai nanofarad 100 dab da ƙafafun wutar aisin, kuma wannan laifin zanena ne. Wasa biyu ne a ciki yanzu, ɗaya na buga ƙwallo tsakanin sanduna biyu irin Pong da Atari ya fitar a 1972, ɗaya na maciji mai ƙara tsawo. Ɗan yayana, wanda ya saba da wasannin waya masu launi, ya dube shi ya ce, "Baffa, ina kalar take?" amma sai da aka kira magariba aka raba shi da hannun.

Wanda zai yi fanel mai fuska ɗaya da manyan layuka, yana son ya zana da safe ya riƙe abinsa da yamma, wannan ƙunshi zai kai shi, muddin ya yi watsi da takardar bayanin ya kuma tanadi ƙarin allurai da safar hannu. Wanda yake nufin ƙananan aisi da ake liƙawa a saman allo, masu ƙafafu kamar gashin ido, ko fanel mai fuska biyu, ya haƙura ya aika masana'anta. Ni dai idan zan sake, allon da garin da takardun zan saya daban-daban, domin su ne suka biya kuɗinsu, sauran kuwa cikon leda ne.

Ruwan da na yi aikin da shi yana nan a wata jarka da na rubuta wa gargaɗi na ɗora a saman katanga inda yara ba sa kaiwa, domin zai iya cin wani allon kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ba zan zuba shi a kwata ba, saboda jan ƙarfen da ya narke a ciki guba ne ga halittun ruwa, ga shi kuma rijiyar maƙwabta ba ta da nisa. Na gwada kofi ɗaya daga ciki da kanwa, ya yi kumfa ya tashi sosai, daga baya wani laka mai launin tsatsa ya kwanta a ƙasa, wanda na bari ya bushe a rana na ƙulle a leda.