Agogon gwajin kwamfireshan: kayan aikin da ke tona asirin injin tokumbo mai yoyon mai

A kasuwar Ladipo da ke Mushin a Legas ana sayar da agogon gwajin kwamfireshan, wato mai auna matsin iska a cikin silindar inji, iri biyu. Akwai mai bakin roba da ake dannawa a ramin filogi da hannu, akwai kuma mai tiyo da ake murɗawa cikin zaren filogi. Na farkon ɓarnar kuɗi ne ga mai Camry ko Corolla, domin ramin filoginsu mai zurfi ne, robar ba ta zama daram, iska sai ta sulale allura ta yi ƙarya. Mai tiyo shi ne abin saye, in dai yana da baki mai milimita 14. Rauninsa ɗaya, ɗan bawul ɗin da ke riƙe iska a ƙarshen tiyo yana saurin mutuwa a masu arha. Idan allura ta hau ta fara sauka da kanta ba a taɓa maɓalli ba, a canza bawul ɗin kafin a yarda da lambar.

Me ya haɗa wannan agogo da yoyon baƙin mai? Idan ring ɗin fistin ya ci, iskar ƙonuwa tana ratsawa ƙasa cikin injin, ta matsa wa kowane sil da gaskit. Sai a canza gaskit ɗin murfin bawul, bayan sati uku mai ya ɓullo ta sil ɗin kiranshaf. Makanike ya ƙara lafta gam, gam ɗin ya gutsure ya toshe matatar da famfon mai ke zuƙa. Kafin a kai ga ring ma a duba bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da wannan iskar daga cikin injin, a girgiza shi: in bai yi ƙara ba ya toshe, kuma shi kaɗai yana iya jawo yoyon.

Gwajin ba wuya. A bar injin ya ɗau zafi, a cire fiyus ɗin famfon fetur da duka filogi huɗu, batir ya kasance cike. Mutum ɗaya ya taka totur har ƙasa ya murɗa makulli, injin ya juya sau biyar ko shida a kowace silinda, a rubuta lambar. A injin 2AZ-FE na Camry, lafiyayye yana kusa da psi 198 (psi ma'aunin matsi ne da ke jikin agogon), mafi ƙanƙanta da aka yarda 142, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 14. Wadda ta faɗi ƙasa a zuba mata ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin filogi a sake gwadawa. Lamba ta tashi sosai, ring ne. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit ɗin top. Silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, ga kumfa a lagireto, gaskit ya ƙone, abin da cunkoson gadar Third Mainland ke yi wa motar da fankarta ba ta da lafiya.

Agogon ba zai nuna inda mai ke fita ba. Wannan sai an wanke injin tas, a yi tafiyar kilomita kaɗan, a bi da tocila daga sama zuwa ƙasa, domin mai gangarowa yake. A Corolla mai 1ZZ-FE sau da yawa ɗan zoben robar tenshina na sarƙar taimin ne ke jiƙa gefen injin, ana ta zargin sil.

Mai sayen tokumbo, wato tsohuwar motar da aka shigo da ita daga waje, a kasuwar motoci ta Berger a Legas ya tafi da agogon. Dillalin da ya zuba baƙin mai mai kauri irin 20W-50 yana iya rage shuɗin hayaƙi na 'yan kwanaki, amma silindar da ke ba da 110 za ta nuna kanta a agogo, kuma kuɗin sauke injin a cire shi daga farashi tun a wurin.